Hanyar Fadama da Tukunya Ɗaya

Ragon layya ne ya fara tona mana asiri. Ana saura 'yan kwanaki babbar salla, a shekarar da autarmu ta shiga aji ɗaya, ya tsinke igiya da hantsi ya fice ta zaure. Maigidana yana zaune a kan tabarma yana shan shayi, ya dire kofi ya bi shi, yaranmu uku suka rufa masa baya suna ihu. Na ja mayafi na leƙa ta ƙofa. Har yau ina ganin yadda rigarsa ta cika da iska, kamar za ta ɗaga shi sama. Bai kai kwanar masallacin unguwa ba ya tsaya, ya dafa bango, sannan ya sulale ya zauna a dakalin maƙwabcinmu. Yara suna ta dariya, sun ɗauka wasa yake yi. Da suka dubi fuskarsa sai dariyar ta ɗauke. Ragon kuwa ya tsaya can gaba kaɗan yana tauna ɓawon rake, ko a jikinsa.

A Anka muke zaune a lokacin. Shi ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye wajen Adabka, mutumin da a samartakarsa yake yini a duƙe a kan kunya bai ce wash ba. Amma tun da ya samu kujera da fanka a ofis, ya kuma sayi babur, ƙafarsa ta manta da ƙasa. Kasuwa a babur, masallacin Juma'a a babur, ko reza zai sayo sai ya tayar da shi. Tumbi ya fito, mutane suna ce masa hutu ya karɓe shi, yana shafawa yana murmushi. Ni ma ba a bar ni a baya ba, rigunana na aure sun daɗe da komawa ƙasan akwati. Yara kuwa sun saba da taliyar leda da biskit da lemon kwalba, domin mun ɗauka abin da muka rasa muna ƙanana shi ne gatan da za mu yi musu.

Washegari ya tafi asibiti. Ya dawo da ƙwayoyi a 'yar leda, ya zauna a bakin gado. Sai da na tambaya sau biyu ya ce hawan jini ne, suga ma tana bakin ƙofa. An ce a rage gishiri da mai da zaƙi, a yawaita ganye, kuma ya riƙa tafiya da ƙafa kullum har ya yi gumi.

"Na ce ma likita, in tai ina?" in ji shi. "Ya ce ko'ina. Wai in tai in dawo, Malama. Ba aike, ba gaisuwa, ba biyan buƙata. In tai kawai in dawo."

Malama yake ce mini tun kafin aure, saboda aikina. Na ce masa to ai sai a gwada.

Ya gwada. Bayan sallar Asuba ya sa takalmi ya kama hanyar bayan gari. Ruwan kokona bai tafasa ba na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Wani abokin aikinsa ne ya dawo da shi. Wai yana cikin tafiya mutumin ya taka birki ya ce, "Subhanallahi, mi ya samu mashin ɗin? Hau in kai ka." Ya ce masa motsa jiki yake yi. Mutumin ya dube shi da tausayi ya ce ai ba a jin kunyar ɗan'uwa, ya hau kawai. Kashegari wani ne daban ya kawo shi, jibi kuma wani. A garinmu babba mai rufin asiri ba ya tafiya da ƙafa a bar shi. Kafin mako ya zagayo wata dattijuwa ta shigo har ɗaki tana yi mini nasiha in riƙa haƙuri da miji, don an ce ya fara ficewa daga gida da duku-duku shi kaɗai, ko babur ba ya tsayawa ɗauka.

Ta ɓangaren abinci ma ba mu dace da farko ba. Na ware masa 'yar tukunyarsa, miya ba gishirin kirki, ba mai, ganye tsilli-tsilli yana yawo a cikin ruwa. Yakan zauna gefe da kwanonsa kamar wanda aka yi wa horo, yara a gabansa suna zuƙar taliya mai maiƙo, ƙamshi ya cika tsakar gida. Wata rana na fito daga madafa na tarar da cokalinsa a cikin kwanon auta, ita kuma ta ɗora yatsa a baki tana yi masa alamar ba za ta faɗa ba. Na tsaya ina kallonsu, uba da 'ya, dukansu da maiƙo a leɓe. A ranar na wanke 'yar tukunyar na kife ta. Na ce daga yau tukunya ɗaya ce a gidan nan, abin da Baba zai ci shi kowa zai ci.

Babbar 'yarmu, mai shiru-shiru, ta karɓa ba musu. Na tsakiya, namiji, ya ture kwanon kwaɗon zogale ya ce shi ba akuya ba ne. Auta ta yi kuka har ta yi barci da cokali a hannu. Na koma kan tuwon dawa da miyar sure, da wake da kabewa, da dambu mai ganye da yawa, na mayar da daddawa gurbin dunƙulen miya. Na dafa, na kwashe, na mayar da rabi tukunya. Haka muka yi ta ja, kowa fuska a ɗaure, har damina ta kawo kai.

Kawun maigida ne ya warware mana, ba tare da ya san ya yi ba. Yana da wani ɗan fili a fadama kusa da gulbi, ya tsufa, 'ya'yansa sun tafi birni, sai ya ce in ana so a taɓa wani abu a wurin kada ciyawa ta cinye. Maigida ya nemo fartanya ya saɓa a kafaɗa ya fita da asuba. Ran nan ba wanda ya dawo da shi. Mai fartanya a kafaɗa kowa ya san inda ya nufa, sai dai a ɗaga masa hannu a ce Allah shi ba da sa'a. Ya dawo da hantsi, ƙafafu duk laka, riga ta jiƙe sharkaf, yana haki yana dariya.

Yaran suka fara binsa ranakun da babu makaranta, da farko don kawai an ce akwai kwaɗi da ƙananan kifaye a kududdufi. Sai ya yanka wa kowa 'yar kunyarsa. Babbar ta shuka kuɓewa, na tsakiya ya ce shi alayyahu don an ce ya fi saurin fitowa, auta ta zaɓi tumatir saboda ja. Daga nan hirar gidanmu ta sauya. Ana cin tuwo ana gardamar shukar wa ta fi tsawo. Ranar da na tsakiya ya shigo da ɗaurin alayyahunsa na farko, bai yarda ya miƙa mini a zaure ba, sai da ya biyo ni har bakin murhu ya tsuguna yana gadi.

"Inna, kada ki bari shi dahu da yawa," ya ce. "Kuma ki hwaɗi ma Baba nawa ne."

Ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwano. Ba wanda ya tuna masa da maganar akuya. Sai dai na ga yayarsa ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Ni kuwa ba ni da fartanyar da zan fake da ita. Matar aure ba ta kama hanya ta ce tafiya kawai take yi. Sai na nemi nawa a cikin gida. Na daina aika surfe inji, na jawo turmin da ya zama mazaunin kaji na wanke shi. Kwanakin farko kafaɗuna kamar ba nawa ba. Da yamma kuma, in maigida ya fita, mukan saka sakata a ƙofar zaure, babbar 'yata ta kwance igiyar shanya, mu yi tsallen igiya ni da su. Na ɗaure zani tamau, na tuɓe ɗankwali, ina tsalle ƙasa tana amsawa. Rabona da haka tun ina yarinya a Gummi, garin da aka haife ni.

Wata yamma muka manta da sakata. Ina tsakiyar igiya, yara suna ƙirga mini da waƙa, sai na ji sallama a bayana. Innata ce, ta zo daga Gummi ba sanarwa, da ƙunshi a ka. Igiya ta harɗe mini ƙafa, na tsaya ina haki, na rasa inda zan sa fuskata. Ta sauke kayanta a hankali, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke, lahiya? Ko aljanu sunka hau ki?"

Na ce mata likita ne ya ce a riƙa motsa jiki. Ta ce ai ta ji labarin mai gidan ne ba lafiya, ba ni ba. Sai ta miƙa wa auta hannu ta ce ta ba ta bakin igiyar. Ta riƙe gefe, babbar ta riƙe gefe, ta ce in ci gaba ta gani ko har yanzu ina ɗaga ƙafar hagu kafin ta dama kamar da. Ina yi tana dariya har da hawaye. A cikin ƙunshin nan hoce ne ta kawo, wanda ta gasa da hannunta, da ƙuli-ƙuli da busasshen kifin gulbi. Ta kwana biyu tare da mu, ta koya wa babbar yadda ake kwaɓa garin dawa a gasa hoce bai ƙone ba, ta kuma yi mini faɗa cewa miyata ta yi lami da yawa, mara lafiya ma mutum ne. Ta nuna mini in ƙara citta da kanumfari da tsamin sure, harshe zai manta da gishiri. Ya kuwa manta.

Ita ce ta ce in bi su fadama ko da sau ɗaya, ta zauna ta tsare gida. Na tuna safiyar kamar abin da na gani a mafarki, har wani lokaci nakan yi shakkar ko duk abin da nake tunawa ya faru. An kwana ana ruwa. Muka fito gari bai gama wayewa ba, maigida a gaba da fartanya, auta a bayansa ya goya ta da rawani tana ƙarasa barcinta, kanta yana lilo. Da muka bar gidajen ƙarshe sai ƙasa ta fara hayaƙi, wani farin tururi kwance a kan gonaki, gero ya fito da kai daga cikinsa kamar mutane tsaye a cikin ruwa. Raɓa ta jiƙa mini zani har gwiwa. Ƙafafunmu kaɗai nake ji, da kukan kwaɗi da ya ƙi ƙarewa, da wani jaki can nesa. Na tsakiya ya yi gaba, tururin ya haɗiye shi, sai muryarsa kawai tana kiran mu yi sauri. Balbelu suka tashi daga wata bishiya gaba ɗaya, farare fat, suka ratsa ta kanmu ba ƙara, har na ji iskar fukafukansu a goshina.

Na yi shekaru a garin nan ban san akwai wannan wuri a bayansa ba, tafiyar da ba ta kai a gaji ba.

Filin ɗan ƙarami ne, ga gulbi a ƙasa ya cika ya yi ja, yana tafiya a hankali kamar mai tunani. Kowa ya ja ni in ga kunyarsa. Auta ta farka ta zame daga bayan ubanta, ta je ta tsinko tumatir ɗaya wanda bai gama nuna ba, ta goge a rigarta ta gatsa, ruwan ya gangaro mata a haɓa. Yarinyar da take tsince tumatir daga cikin miya ta jera a gefen kwano. Na buɗe baki zan ce a wanke tukuna, maigida ya girgiza mini kai, na ƙyale ta.

Muka yi cirar ciyawa har rana ta ɗaga. Sai ga wata Bafillatana ta ɓullo ta hanyar shanu da ƙwarya a ka, doguwa, tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Ashe sun saba, kullum nan take biyowa in za ta shiga gari, danginta suna wajen Gwashi, su kuma sun yi ruga a hayin gulbi. Yara suka ruga suna gaishe ta da Fillanci, kalmomin da ban san sun iya ba. Ta sauke ƙwarya a gindin wata ɗinya, ta dama mana fura da nono mai sanyi. Na tsakiya ya tambaya ko akwai suga. Ta ce nonon saniyarta ba ya son kishiya a cikin ƙwarya, ya sha ya ji. Muka zauna a kan ciyawa muna zagaya ludayi ɗaya, da hocen Inna a tsakiya.

Bayan nan suka yi tsere, uban da 'ya'yansa, daga ɗinya zuwa bakin ruwa. Babbar ce ta ci, ta tattare zani ta wuce su kamar barewa. Shi ya zo na ƙarshe tare da auta, amma da ƙafarsa ya iso, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon gulbi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ni na jingina da bishiya, barci ya fara fizgata. Ina jin muryoyinsu suna nisa suna dawowa, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na nono a hannuna, ganyen ɗinya yana tace rana a kan idona. Na ji kamar ni ce yarinyar, a bakin gulbin Gummi, Inna tana wanki a ƙasa, za ta kira ni yanzun nan. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Auta ce ta tashe ni, ta ɗora mini wani ɗan kwaɗo a tafin hannu.

Daga ranar na zama 'yar hanya, duk Asabar. Da rani ya shigo muka koma ban-ruwa, aka shuka albasa da latas da karas, yara suna jan guga suna tsere da bokiti. Jikin maigida ya sauka, wuyansa ya fito, har kawunsa ya kira ni gefe ya tambaya ko ina ba shi abinci. Ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, amma duk zuwan da zai yi asibiti yakan dawo fuska a sake. Yara suka daina yawan kwanciya. Lemon kwalba ya koma abin ranar salla, zoɓo da kunun aya suka maye gurbinsa. Ba zan ce sun daina son taliya ba. In sun je gidan biki sukan ci har su kasa tashi, mu kuma mu yi kamar ba mu gani ba.

Mun yi damina da rani masu yawa a haka, kafin daji ya fara lalacewa. Da farko labarin 'yan bindiga ne daga nesa, daga baya ya matso. Wata Asabar Bafillatanar nan ba ta zo ba. Ta gaba ma haka. Da muka tambaya aka ce sun tashi da dabbobinsu, ba wanda ya san inda suka nufa. Auta ta daɗe tana waiwayen hanyar shanu. Ba a jima ba maƙwabtan filin suka fara cewa a daina sammako, sannan a daina zuwa da yara, sannan kawu da kansa ya aiko cewa a haƙura da wurin sai Allah ya kawo sauƙi. Muka bar kuɓewa tana fure.

Na ji tsoron za mu koma gidan jiya. Kwanaki maigida yana zaune bayan Asuba yana kallon fartanya a jingine. Sai wata safiya na ga na tsakiya, wanda a lokacin ya fara tsawo har ya kamo kafaɗata, yana jawo tsofaffin buhuna daga ɗakin ajiya. Ya cika su da ƙasa da takin awaki, ya jera a jikin katanga. Yayarsa ta kawo fasasshen baho da tukwanen da suka tsage. Tsakar gidanmu ta cika da alayyahu da tumatir da attaruhu, zogale ya miƙe a bayan madafa. Maigida kuma ya koma zagaya filin ƙwallon makarantarmu da sassafe. A lokacin ba shi kaɗai ba ne, wasu abokan aikinsa da likita ya yi wa irin maganar sun fara fitowa, har da wanda ya fara ɗauko shi a babur. Sukan jera da jallabiyoyinsu suna zagaye suna hirar siyasa.

Wata kabewa ta fito da kanta a bakin magudanar ruwa, ba wanda ya shuka ta. Muka bar ta. Ta kama katanga, ta hau rumfa, ta bazu a kan rufin ɗakin yara har ganyenta ya rufe kwano, ɗakin ya yi sanyi. Ba mu san ta yi 'ya'ya ba sai da maƙwabciya ta hango daga gidanta ta aiko a faɗa mana. Da la'asar, bayan an ɗauke wani ɗan yayyafi, aka aro tsani. Maigida ya ce shi zai hau. Na ce Malam ka rufa mana asiri, ga yaro nan. Ya ce yaro ya riƙe tsani.

Ya naɗe ƙafar wando ya hau, mu huɗu muna ƙasa mun ɗaga kai. Ya ɓace a cikin ganye, sai motsinsa muke gani, ɗigon ruwa yana zubo mana a fuska. Can ya leƙo, hularsa ta karkace, ganye a kafaɗarsa, bayansa sama ta yi ruwan zuma.

"Malama, ba ɗaya ba ce!" ya ce. "Ku kawo zani ku tara."

Muka kama zani ta kusurwa huɗu, ya fara sako su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗo sai auta ta yi ƙara zanin ya nutsa. Muka aika wa maƙwabta, muka ajiye babbar kabewar don Innata. Shi kuwa bai sauko da wuri ba. Ya zauna a can sama ya miƙe ƙafa, ya ce daga nan ana hango gulbi.